Jinya a Kwarin Rima: Tarihin Ƙwarewar da Ta Riga Lasisi Zuwa

A ƙasar Kabi, wato yankin da gulbin Rima ke ratsawa ta Argungu da Birnin Kebbi kafin ya zuba a kogin Kwara, da wuya a yi musun cewa yawancin waɗanda suka nemi maganin asibiti tun daga shekarun 1930 a hannun ma'aikacin jinya ko wani mataimakin lafiya suka same shi, kuma da yawansu sun warke ko sun rasu ba tare da likita ya taɓa ɗora musu hannu ba. Saboda haka tarihin jinya a wannan kwari tarihi ne na mutanen da aka horar domin su bi umarni, amma larura ta ɗora musu yanke hukunci: su saurari koken majinyaci, su duba jikinsa, su tantance abin da ke damunsa, su zaɓi magani, sannan su ɗauki nauyin abin da ya biyo baya. Mazaunin unguwar Nasarawa da ke cikin Birnin Kebbi yana iya isa babban asibiti cikin 'yan mintuna a kan babur, amma manomin shinkafar da ke can cikin fadama, wanda a tsakiyar damina sai da kwale-kwale yake fitowa bakin titi, har yanzu ɗakin shan magani ne zangonsa na farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe.

A wasu ƙasashe wannan aiki yana da doka da makaranta da matakin albashi na kansa. A shekarar 1965 wata malamar jinya, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Colorado ta Amurka domin koya wa ƙwararrun nas-nas duba yara da kansu a yankunan da likitoci suka yi ƙaranci, kuma a 1971 jihar Idaho ta zama ta farko da ta shigar da gano cuta da ba da magani cikin abin da dokarta ta halatta wa irin waɗannan ma'aikata. Botswana ta fara nata horon a 1981. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta bayyana mai wannan matsayi da cewa nas ne mai rajista wanda ya ƙara karatu har zuwa digiri na biyu, wanda ke da ikon ɗaukar tarihin ciwo, da duba jiki, da tura majinyaci gwaji, da faɗin cutar da ya gano, da rubuta magani, da miƙa abin da ya fi ƙarfinsa ga likita. Idan aka jera waɗannan ayyuka a gaban tsohon malamin asibitin da ya yi aiki a ƙauyukan Argungu, babu ko ɗaya da zai zame masa baƙo, sai dai digirin da lasisin.

Kafin zuwan Turawa, kula da marar lafiya a ƙasar Kabi ya rarrabu ne tsakanin masu sana'o'i, kowa da iyakarsa. Wanzami ke yin ƙaho da kaciya da sakiya da cire belu, maɗori ke ɗora karaya, maƙera aka sani da maganin ƙuna, Sarkawa kuwa, masuntan da Argungu ta shahara da su, su ake nema idan ƙayar kifi ta maƙale wa mutum a wuya. Hanyar koyon duk waɗannan gado ce da zama a gaban maigida shekara da shekaru, yaro yana riƙe zabira yana kallo kafin a yarda ya taɓa aska, kuma sarautu irin su Sarkin Aska da Sarkin Ruwa su ne ke tsawatar wa wanda ya ƙetare iyaka. A ɓangaren malamai, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya yi magana a kan lafiyar jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya rubuta risaloli a kan amfanin filasko da ciwon ido da basur. Abin da ya fi shafar tarihin da ya biyo baya shi ne matsayin ungozoma ta gargajiya, domin galibin aikinta yana farawa ne bayan jariri ya faɗo: ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya a kan wankan jego. Naƙudar kanta mace ke yin ta ita kaɗai a ɗaki, cikin kunya da dauriya, saboda haka babu wata sana'ar gado da ta ɗauki nauyin lura da naƙudar da ta yi tsawo, kuma wannan gurbi ne da ya ci rayukan mata masu yawa.

Turawan Ingila sun shigo Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, amma 'yan likitocin da suka zo da su domin jami'an mulki da sojoji aka kawo su. Sai wajejen 1930, lokacin da baitulmalin En'e ya fara ɗaukar nauyin ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, sannan talaka ya fara ganin maganin asibiti kusa da gida. A shekarar aka buɗe makarantar masu haɗa magani a Zariya, a 1932 aka buɗe makarantar duba-gari a Kano, kuma a ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi aikin kuturta a wurare irin su Amanawa da ke kusa da Sakkwato. Mutumin da ya riƙe ɗakin shan magani na En'e, wanda jama'a ke kira malamin asibiti ko disfensa, yawanci saurayi ne da ya yi elemantare ko midil ya sami ɗan gajeren horo, aka ba shi manyan kwalabe na haɗin tari da na ciwon ciki, da kwinin, da abin wanke gyambo, da littafin rubuta sunaye. Baturen likita yakan leƙo ne a lokacin rangadi ya duba littafi ya ƙirga magani ya wuce. A kan takarda malamin ba ya gano cuta, rarraba magani kawai yake yi. A zahiri kuwa ba yadda za a yi ya zaɓi kwalbar da zai zuba wa mutum ba tare da ya fara yanke wa kansa hukuncin abin da ke damun mutumin ba. Nan ne asalin tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da ake yi, kuma ba ta taɓa rufewa ba.

Dokokin farko na sana'ar daga Legas suka fito, wato dokar ungozomomi ta 1930 da dokar ma'aikatan jinya ta 1947, wadda ta kafa majalisar da ke yin rajista da shirya jarrabawa. Amma doka ba ta samar da ɗalibai. Makarantun 'yan mata na En'e da aka buɗe a Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu cikin shekarun 1930, da makarantar horar da mata ta Sakkwato ta 1939, ba su yaye adadin da zai cika azuzuwan jinya ba, domin yawancin yaran ana yi musu aure kafin su yi nisa, iyaye kuma ba su ga mutunci a aikin da zai sa 'yarsu kwana a waje tana taɓa jikin maza ba. Wannan ne ya sa jinya a Arewa ta daɗe tana hannun maza, waɗanda ba su da hanyar shiga ɗakin matar aure, da kuma mata 'yan Kudu da 'yan tsakiyar ƙasa, waɗanda suka yi aiki tuƙuru amma sau da yawa harshe da al'ada suka shiga tsakaninsu da majinyata.

Shekarun 1950 sun kawo wa Birnin Kebbi abubuwa biyu. Na farko shi ne babban asibitin garin, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Sir Yahaya, da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. Na biyu shi ne gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na yammacin lardin Sakkwato, wanda aka fara a 1954 da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ana bin ɗakunan mutane ana fesa wa bango maganin ƙwari. Ba a yi nisa ba aka gano a Ambursa, 'yan kilomitoci kaɗan daga Birnin Kebbi, cewa sauron ya daina mutuwa da ɗaya daga cikin magungunan, mai suna dieldrin, kuma wannan labari ya zagaya duniyar masana, domin ya nuna cewa feshi kaɗai ba zai kawar da zazzaɓi daga irin wannan fadama ba. Ma'anarsa ga ma'aikacin jinya ita ce cutar za ta zauna, kuma kowace damina za ta kawo masa yara masu zafin jiki fiye da yadda kowane likita zai iya gani.

Sai dai horon da ake bai wa nas a wannan zamani bai fuskanci wannan buƙata ba. An ɗauko shi ne daga tsarin da Florence Nightingale ta kafa a Asibitin St Thomas na Landan a 1860, inda ɗaliba ke koyon aiki a gefen gado ƙarƙashin sista da metiron, ana auna ta da tsafta da ladabi da kiyaye lokacin magani da cika umarnin likita daidai. Makarantar jinya ta asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 1952, ta kai wannan tsari matuƙa, kuma daga cikin shugabannin jinya na asibitin aka sami Kofoworola Pratt, wadda ta zama babbar jami'ar jinya ta ƙasa. A 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya na digiri. Ba za a raina wannan gado ba, domin shi ya koyar da wanke hannu, da juya majinyaci don kada ya yi gyambon kwanciya, da rubuta zafin jiki da bugun jini a kan lokaci, abubuwan da rai ya dogara da su. Amma tsari ne da ya ɗauka cewa akwai likita a ƙarshen baranda, alhali wanda aka tura Augie ko Kangiwa ya san cewa tsakaninsa da likita akwai tafiyar yini. Gwamnatin Arewa ta yi ƙoƙarin cike gurbin da makarantar mataimakan likitoci da ta buɗe a Kano a 1955, amma ba ta daɗe ba.

Gyaran ya fito ne daga likitocin yara. A Ilesha da Imesi-Ile, David Morley ya nuna tun ƙarshen shekarun 1950 cewa nas da ungozoma za su iya duba mafi yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar idan aka ba su katin awon nauyi da ƙa'idoji bayyanannu, kuma a asibitin titin Gbaja da ke Legas, daga 1967, aka gwada irin wannan tsari a cikin birni. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya yi ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya fi kowa yaɗa abin da ake kira tsayayyun umarni, wato littafin da ke bin alamomin ciwo ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa ma'aikaci tambayar da zai yi, da abin da zai duba, da maganin da zai bayar, da lokacin da dole ya tura majinyaci gaba. Littafin yana matsayin umarnin likitan da ba ya nan, kuma wanda ya bi shi yana da kariya. Shirin kiwon lafiya na matakin farko da ke cikin tsarin raya ƙasa na 1975, da taron Alma-Ata na 1978, su suka mayar da wannan dabara manufar gwamnati.

A nan ne Nijeriya ta ɗauki hanyar da ta bambanta da ta Botswana. Maimakon a faɗaɗa ikon nas a cikin dokar jinya, sai aka ƙirƙiri wani rukuni na daban, wato jami'an lafiyar al'umma da mataimakansu, aka fara horar da manyansu a asibitocin koyarwa a ƙarshen shekarun 1970, ƙananan kuma a makarantun fasahar lafiya na jihohi, sannan a 1992 aka kafa musu hukumar rajista tasu. Dokar soja mai lamba 89 ta 1979, wadda ta haɗe majalisar jinya da hukumar ungozomomi wuri guda, ta tsara horo da rajista da ladabtarwa, ba ta kafa matsayin nas mai duba majinyaci da kansa ba. Nas mai rajista yana iya shiga kwas ɗin jami'in lafiyar al'umma, kuma da yawa sun shiga, amma ikon da ya samu a ƙarƙashin wata hukumar yake. Wannan zaɓi ya samar da dubban ma'aikata cikin sauri, ya kai allurar rigakafi da ruwan gishiri da suga ƙauyukan da ba su taɓa gani ba, kuma wannan alheri ne babba. Illarsa ita ce ya bar wanda ya fi daɗewa a makaranta yana da ƙarancin izini a rubuce, ya kuma haifar da jayayya tsakanin rukunonin biyu a kan wanda zai shugabanci asibitin ƙauye, jayayyar da majinyaci bai ci ribar komai a cikinta ba.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, sabuwar gwamnati ta sami kanta da faɗin ƙasa da ƙarancin ma'aikata, dole ta dogara da makarantar jinya da ungozoma ta Birnin Kebbi da makarantar fasahar lafiya ta Jega. Jarrabawa mai tsanani ta zo a bazarar 1996, lokacin da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a arewacin Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, Kebbi na cikin jihohin da abin ya fi shafa. A sansanonin da aka kafa a lokacin, ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma ne ke taɓa wuyan majinyaci su ji ko ya sandare, su yanke hukunci nan take, su yi allurar chloramphenicol mai mai, wadda guda ɗaya kan wadatar. Cibiyar lafiya ta tarayya da aka kafa a Birnin Kebbi a 2000, wadda daga baya aka ɗaga ta zuwa asibitin koyarwa, ta ƙara yawan ƙwararrun likitoci a babban birnin jiha, amma ba ta sauya yanayin ɗakin shan magani na karkara ba.

Ana iya ganin irin ƙwarewar da wannan kwari ke nema idan aka dubi yadda ake karɓar yaro mai zafin jiki, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 52 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadi mafi yawa a duk Nijeriya, kuma na 2021 ya sami kashi 49. Ma'aikaciyar da ta san aikinta takan fara da gaisuwa, ta ce wa kakar da ta goyo yaron, "Inna, sannu da hanya, tun yaushe jikin ya yi zafi?" sannan ta bi da tambayar da ta fi muhimmanci, wato me aka ba shi a gida, kuma takan yi ta cikin murya marar zargi, domin idan tsohuwar ta ji alamar faɗa ba za ta ambaci jiƙon da aka ɗura masa ko allurar da aka yi masa a kemis ba. Tana magana tana buɗe tafin hannun yaron ta ga ko ya yi fari, alamar jini ya yi ƙasa. Ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashi na minti guda cur, domin numfashi 50 ga ɗan ƙasa da shekara, ko 40 ga wanda ya haura, yana nuni da ciwon huhu. Ta lanƙwasa wuyansa. Ta zagaya damtsensa da tef ɗin awo, wanda in ya nuna ƙasa da santimita 11.5 to tamowa ta yi tsanani. Sai ta ɗigo jini daga yatsa a kan ɗan abin gwaji ta jira layi biyu su fito. Inda hankalinta ke aiki shi ne bayan fitowar layukan, domin a wurin da rabin yara ke yawo da ƙwayar a jininsu, samun ta ba ya tabbatar da cewa ita ce ta kwantar da wannan yaron, kuma wanda ya tsaya a sakamakon gwajin zai iya sallamar mai sanƙarau ko ciwon huhu da maganin zazzaɓi. Littafi yana jera alamomi, amma haɗa su a kan yaro guda, cikin dare, da fitilar waya, wannan sai wanda aka koya wa dalilin kowace alama kuma ya yi aiki a gaban wanda ya fi shi.

Ɗakin haihuwa ya fi wannan tsanani. Jijjiga, wato suman da ke kama mai ciki ko mai jego sakamakon hawan jini, tana cikin manyan masu kashe mata a Arewa, kuma tun 1995 babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya tabbatar da cewa magnesium sulphate ya fi sauran magunguna hana ta dawowa. Ungozomar zamani tana ba da giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, amma kafin ta ƙara wani bayan awa huɗu dole ta buga gwiwar matar ta ga ƙafa ta harba, ta ƙirga numfashi, ta auna fitsarin da ya taru, domin maganin da ya wuce kima yana tsayar da numfashi. Haka nan takardar bin diddigin naƙuda, wadda ake zana buɗewar bakin mahaifa a kanta awa bayan awa, ita ke nuna lokacin da jira ya zama haɗari. Matan da ke kwance a cibiyar masu yoyon fitsari ta Gesse a Birnin Kebbi yawancinsu waɗanda naƙuda ta yi wa kwanaki ne ba a sami mai cewa a tashi a tafi ba. Likita Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya yi aiki a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, ya nuna cewa sanya robar fitsari da wuri a bar ta na makonni yana rufe wasu ƙananan ramukan ba tare da tiyata ba, aikin da ke cikin ikon kowace ungozoma da aka koya wa. Sanin lokacin tura majinyaci gaba yana buƙatar fiye da ilmin jiki, domin dole ma'aikaciya ta shawo kan maigida ko wakilinsa, ta san inda za a sami mota da mai ba da jini, ta rubuta takardar da asibitin gaba zai gane abin da aka riga aka yi. Domin jawo mata cikin wannan aiki, malaman jinya Musulmi kan ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni, ciki har da Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandak, kuma wannan hujja ta taimaka wajen sassauta zukatan iyaye su bar 'ya'yansu mata su shiga aikin.

Hanyar shiga sana'ar a yau tana farawa da kiredit biyar a Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji, kuma wannan sharaɗi kaɗai yana tace yawancin 'yan matan karkara, waɗanda makarantunsu ba su da malaman kimiyya. Wanda ya shiga yakan yi watannin share fage da jarrabawar tankaɗe da rairaya, sannan ya yi shekara uku tsakanin aji da gefen gado kafin jarrabawar majalisa, wadda ta ƙunshi rubutu da gwajin aiki a aikace. Makarantu da dama sun koma tsarin babbar difloma ta shekara huɗu, jami'o'i kuma suna ba da digiri na shekara biyar da shekarar sanin makamar aiki, kuma sabunta lasisi yana rataye da halartar kwasa-kwasan ƙarin ilmi. Bayan rajista akwai kwasa-kwasan ƙwarewa, irin su jinyar ƙashi a Dala ta Kano da jinyar ido a Kaduna, amma wanda ya fi kusa da cin gashin kai shi ne nas mai sa barcin tiyata, wanda a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da yawa shi ne kaɗai ke riƙe da numfashin majinyaci yayin da likita ke aiki, abin da ke nuna cewa ƙasar ta daɗe da yarda da hukuncin nas a inda ba ta da zaɓi.

Matakan baya-bayan nan duk sun bi wannan salo na toshe ɓaraka. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya kai sababbin ungozomomi da waɗanda suka yi ritaya ƙananan asibitoci, amma ya raunana a inda jihohi da ƙananan hukumomi suka kasa biyan kasonsu na alawus da samar da masauki. Kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu ya nemi ɗauko yarinya daga ƙauyensu a mayar da ita can, dabarar da ta dace da gaskiyar cewa 'yar gari ta fi zama. Manufar raba ayyuka ta 2014, wadda aka sabunta a 2018, ta amince a rubuce cewa ma'aikatan da ba likitoci ba za su yi wasu ayyukan da a da aka keɓe, kamar allurar farko ta jijjiga da sanya ashanar tazarar haihuwa. Hausawa na cewa a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma da wannan ido hukumomi suka daɗe suna kallon nas ɗin karkara: ana ba shi aikin ɗaya bayan ɗaya saboda babu mai yi, ba a ba shi karatun da zai haɗa ayyukan su zama sana'a guda ba, ba a kuma ba shi matakin albashi ko kariyar doka da ta dace da nauyin ba. Manufa takarda ce ta ma'aikata, ba doka ba, kuma ranar da aka yi rashin sa'a ma'aikacin ne ke tsayawa shi kaɗai.

Ana cikin haka ƙasashen waje suka buɗe ƙofa. A watan Fabrairu na 2024 magatakardar majalisar jinya da ungozoma ya bayyana cewa ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai, kuma sabuwar ƙa'idar da majalisar ta fitar a watan, ta neman shekara biyu ta aiki kafin a tantance takardun mai son fita, ta jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Ko wanda bai tsallaka teku ba yakan bar asibitin jiha ya koma na tarayya, ko ya bar gefen gado ya koma ofis, domin a tsarin da ake da shi ƙarin girma yana nisanta gwani daga majinyaci. Kebbi tana da kayan da za ta iya gina matsayi na daban da su: asibitin koyarwa da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi, da jami'ar jiha a Aliero, da tsofaffin ma'aikatan da suka yi shekaru suna duba marasa lafiya a Argungu da kewayenta. Abin da irin wannan horo zai buƙata sananne ne, wato zurfin ilmin yadda cuta ke aiki a jiki, da ilmin magunguna da ma'auninsu, da duba jiki daga kai zuwa ƙafa, da ɗaruruwan awoyi na ganin majinyata ƙarƙashin mai sa ido wanda zai sa hannu a kan kowane aiki, rabinsu aƙalla a asibitin ƙauye lokacin damina. Sauran ɓangaren, wato gyaran dokar jinya da jerin magungunan da aka halatta masa da gurbinsa a tsarin albashi, yana hannun majalisar dokoki ta ƙasa da majalisar jinya da ƙungiyar likitoci, wadda sai an zauna da ita an shata iyakar kowa.